Ciyawar Dakta Nu'uman

Gwaggo Laraba ta shekara arba'in tana haƙo saiwoyin magani a duwatsun bayan Ruma. Ran nan sai ga ɗan ƙanenta Nu'uman ya dawo daga jami'a da Dakta a gaban sunansa. Ta yi guɗa, ta ce gida ya samu mai duba mata gwiwa. Ashe daktan ciyawa ne.

Ya buɗe wani littafi mai kauri ya nuna mata hoto. "Gwaggo, wannan tsiron nake nema. Kamar ciyawa yake, amma ba ciyawa ba ne, ba ya fure. A bakin rafi yake fitowa, cikin inuwar dutse."

"Maganin me yake yi?"

"Ba ya maganin komai."

"Ma sha Allah," in ji ta. "Karatu ya yi amfani."

Ba kullum ake shiga wajen ba saboda 'yan bindiga, amma satin nan lafiya lau, don haka da hantsi ta ja shi. Ita silifas, shi takalmin sojan da ya sayo musamman, sai haki yake a bayanta. Da suka isa rafin, ya durƙusa da gilashin ƙara girma a ido, ya fi rabin awa yana bin ƙasa. Can ya daka tsalle riƙe da wani ganye.

"Na same shi, Gwaggo! Ni ne na farko a duk yankin nan!"

Ta karɓa ta duba. "Sannu da ƙoƙari, Dakta. Wannan akuyata ta riga ka ganowa, kullum shi take ci. Ba ka ga furensa ba? Kai da bakinka ka ce naka ba ya fure."

Ya shiga share gilashin da rigarsa.

Ta miƙa sandarta saman kansa, inda ruwa ke tsattsafowa daga tsagar dutse. Wasu siraran ganyaye ne ke reto a wurin, ba su kai tsawon yatsa ba. Ta juya ɗaya. A bayansa akwai layi biyu na gari-gari mai launin ƙasa, daidai da hoton littafin. Tun tana budurwa take ganinsa, ba ta taɓa ɗauka abin a hau mota daga birni ba ne.

Ya kai hannu zai tumɓuke duka. Ta doke hannun.

"Ɗauki biyu. Sauran ba kai ka shuka ba."

A hanyar komawa suka haɗu da Malam Sadisu mai shayi. Nu'uman ya tsayar da shi ya ba shi labarin yadda idon masani ke hango abin da mutanen ƙauye ke wucewa. Gwaggo ta gyara ɗaurin saiwoyinta a ka.

"Wallahi haka aka yi, Malam Sadisu," ta ce. "Ni sanda kawai na riƙe masa."