Jinin Gidan Ishiyaku

Malam Abdulsalami ya shekara goma sha ɗaya yana aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Birnin Kudu kafin Dokta Sada ya zo. A 1975 ne, lokacin da gwamnati ke ta tura samari karatu ƙasashen waje. Dokta Sada ɗan Kano ne, matashi mai fara'a, yana koyon aikin dashen ƙoda a Ingila. Ya ce ya zo ne ya binciki yadda jinin 'yan'uwa ke dacewa da juna, don in ƙodar mutum ta mutu a san wanda zai iya ba shi tasa. Abin da yake nema gidaje masu yawan zuri'a, da kuma mutumin da ƙauyawa za su yarda da maganarsa.

Abdulsalami haifaffen Gwaram ne, babu gidan da bai san ƙofarsa ba daga nan har Kiyako. Wata takwas suka yi a kan babur ɗaya, da akwatin ƙanƙara ɗaure a baya. Da farko mutane gudu suke yi, ana ta raɗe-raɗin cewa Turawa za a kai wa jinin. Abdulsalami ne ya riƙa durƙusawa gaban dagatai yana ba da tabbaci da bakinsa. A Fagam, amininsa Ishiyaku, wanda suka yi kiwon awaki tare suna yara, shi ya fara naɗe hannun riga. Bayan nan ya tara gidansu kaf, mutum talatin da ɗaya. Kafin a soka masa allura ya tambayi amfanin abin.

Dokta Sada ya ce, "Duk ranar da ƙodar wani a gidan nan ta kasa, mun riga mun san wanda zai ba shi. Ba za ku rasa ni ba."

Ishiyaku ya dubi Abdulsalami, shi kuwa ya gyaɗa masa kai. Sannan Abdulsalami ya rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya a babban littafin da yake riƙe da shi, kowa da lambarsa.

Shekara biyar bayan Dokta ya koma, ƙafafun Ishiyaku suka fara kumbura, sai fuska, har ya kasa ɗaga fartanya. Likitan asibiti ya ce ƙodojinsa biyu sun gaji. Ranar Abdulsalami ya buɗe littafin nan, ya ga jinin Haladu, ƙanin Ishiyaku, ya dace da nasa sarai. Ko da aka gaya wa Haladu, cewa ya yi in yau za a yanka shi a cire, ya shirya. Abdulsalami ya rubuta wasiƙa Ingila. Ya sake rubutawa, ya kuma sake. A ta huɗu aka aiko masa da ambulan mai kauri, ya yaga shi tun a bakin gidan waya. Ba komai a ciki sai wata maƙala da Dokta ya buga a mujallar likitoci, da 'yar takarda daga sakatariyarsa mai cewa maigidan yana taro a Amurka, yana gaisuwa. Ishiyaku ya rasu ana tsakiyar girbin gero, da kyar aka rufa masa likkafani saboda kumburi.

A 1983 wata farar mota ta tsaya a ƙofar asibitin. Sada ne, ya yi ƙiba, yanzu Farfesa ake ce masa. Ya rungume Abdulsalami, ya zauna a kujerar ɗakin gwaji yana ta ba da labari. Maƙala ashirin da shida ya buga. Wadda ta fito daga jinin mutanen Gwaram kuwa, masana sama da ɗari huɗu sun kafa hujja da ita a rubuce-rubucensu, daga Jamus har Japan, kuma da ita aka ba shi kujerar farfesa. Ya ce yanzu abin da ya rage a san halin da mutanen suke ciki bayan shekara takwas: wa ya yi ciwo, wa ya mutu, da me ya mutu. In ya samu wannan, aikin zai ninka daraja.

Abdulsalami bai tayar da zancen wasiƙun ba. Cewa kawai ya yi akwai gidan da ya kamata su fara zuwa.

Suka tarar da Kaltume, matar marigayin, tana sussukar dawa a tsakar gida. Ta gane baƙon nan take. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta aika aka kira Haladu daga gona. Farfesa ya tambayi lafiyar maigidan. Haladu ne ya ba shi labarin tun daga kumburin har ranar jana'iza, bai ɗaga murya ba, bai kuma tsallake komai ba.

Farfesa ya sunkuyar da kai ya yi ta'aziyya. Sannan ya shiga bayani: a duk ƙasar nan babu inda ake dashen ƙoda, fitar da maras lafiya waje kuwa sai da hannun gwamnati, kuma ko da ya ga wasiƙun da idonsa da wuya ya iya komai. Amma binciken, in ji shi, ya taimaki dubban marasa lafiya a duniya.

Kaltume ta ce, "To, Likita, ranar da ka ɗebi jininmu ba ka san babu inda ake yi ba?"

Ya ce ya sani, amma a lokacin yana sa ran abubuwa za su canja.

Ta ce, "Da sai ka ce mana kana sa rai. Shekara guda mutumin nan yana kwance, duk motar da ta wuce sai ya ce a leƙa ko kai ne." Ta juya ga Abdulsalami. "Shi baƙo ne, Malam. Kai muka duba."

Ta koma kan turminta, ba ta ƙara waiwayowa ba.

A hanyar dawowa, sun wuce Gwaram kenan, Farfesa ya gyara murya ya tambaya a hankali ko an rubuta ranar rasuwar da sakamakon gwajin ƙarshe. Abdulsalami ya ce wa direba ya tsaya. Ya fita, ya zagayo ta tagar Farfesa.

"Ka ji yadda ya mutu, abin da ya dame ka ranar da za ka cike a takarda? Mutum ɗari huɗun nan da ke ambaton sunanka, akwai wanda ya san Ishiyaku ya taɓa rayuwa? Da mutuncina ka shiga gidajen nan, ka fita da abin da kake so, ka bar ni da kunyar. Wallahi ko shafi ɗaya na littafin nan ba za ka ƙara gani ba."

Farfesa ya ce zai sa sunansa a maƙala ta gaba, kusa da nasa. Abdulsalami ya ce ya riƙe sunan, ba ya so. Ya tsaya a bakin titi har motar ta ɓace, sannan ya hau wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gyaɗa ya koma Birnin Kudu.

Ranar Asabar ya ɗauki littafin ya hau babur. Gida-gida ya bi, yana yage wa kowane maigida shafin iyalinsa ya miƙa masa, yana gaya musu cewa alkawarin da ya tsaya a kai ba gaskiya ba ne, kada wanda ya ƙara dogara da shi. Wasu suka ce ba komai, Allah ya yafe mana. Wani tsoho a Wurno ya hana shi ko zama, ya zage shi tas a gaban 'ya'yansa, Abdulsalami ya tsaya ya saurara har ya gama. Sati shida ya yi kafin ya kai gida na ƙarshe.

Da damina ta faɗi, ya nemi a canja masa aiki daga ɗakin gwaji zuwa wurin ba da magani. Aka ce masa hakan koma-baya ne a muƙami. Ya ce ya sani, a dai sa hannu.