Rassa Shida a Kan Kwano

Wata biyu da yin ritaya, Darakta ya sayi wuƙa. A gida kowa Darakta yake ce masa, ko da yake har ya bar aiki bai wuce mataimakin darakta ba, shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa ba. Wuƙar tana da baƙar ƙota ta roba da kube na fata mai maɓalli, ta zo a kwali da takardar bayani cikin harsuna huɗu. A falonsa ya gwada ta a kan jarida da gashin damtsensa, har matarsa ta tambaye shi ko wanzanci zai koma.

Ba wanzanci ba ne. So yake yayansa ya sakar masa lambun da ke bayan gidan gonarsu, wanda Baba ya bari, ya riƙa kula da shi. Zaman gida ya ishe shi, bai kuma iya komai ba sai sa hannu a takarda. Matsalar ita ce Yaya ya shekara talatin yana noman wurin, kuma ya taɓa faɗa a gaban surukai cewa ƙanensa ko tsintsiya aka ba shi sai ya nemi inda ake kunna ta. Inna kaɗai ya taɓa gaya wa wannan buri, ta waya. Darakta ya tsara maganar a mota: zai faɗe ta bayan abincin rana, da wuƙar a ƙugunsa, don a ga da shirinsa ya zo.

Da hantsi ya iso. Yaya yana can gangare yana fama da injin ban-ruwa, saboda haka ya zaga lambun shi kaɗai. Ya datse wani guntun igiya, ya fere kara, ya sare ƙayar da ba ta tare masa hanya ba. Wuƙar tana shiga komai kamar sabulu. A gefen rijiya ya tarar da ƙananan itatuwan mangwaro guda bakwai a jere, ba wanda ya wuce ƙugunsa. Kowanne an naɗe shi da farar leda a tsakiya, ledar ta yi dauɗa, a samanta kuma wani siririn reshe mai 'yan ganyaye ya karkace. Darakta ya taɓa jagorantar kwamiti a kan sharar leda, ya kuma karanta cewa itace yana son aski. Ya kama na farko ya yanke shi ƙasa da ledar, sara ɗaya, a karkace, sumul. Ya tsaya ya yaba wa yankan. Ya yi wa shida haka. Na bakwai rina ce ta cece shi, don ta taso masa daga cikin ganye, sai da ya ja da baya.

Ya koma gida yana goge wuƙar da hankici. Inna tana zaune a baranda, idanunta sun yi rauni amma bakinta lafiya lau. Ta ce ya rame, ta ce matarsa ba ta ba shi abinci, sannan ta tambaye shi ko ya ga 'ya'yan mangwaron Baba. Ya ce wane mangwaro. Ta ce babban nan na bakin rijiya mana, wanda Baba ya dasa shekarar da aka haifi Darakta, mai zaƙin da ba a samun irinsa a ko'ina. Iska ta kayar da shi farkon damina, shi da yake birni ina zai sani. Kafin ya bushe Yaya ya ciri 'yan rassa ya yi musu aure da ƙananan dashe, ya tsaga wannan ya cusa wancan ya ɗaure da leda. Ashirin ya yi, bakwai suka kama. Kullum da safe sai ya je ya duba su kafin ya gaishe ta, ita da ta haife shi.

Darakta ya dubi wuƙar da ke hannunsa. Daga inda yake zaune yana jiyo ƙarar guduma a jikin injin. Kira ɗaya Yaya zai ji. Ya buɗe baki, sai ya tuna da maganar bayan abincin rana, ya ce wa Inna zai ɗauko abu a mota.

Ya koma bakin rijiya ya tsince rassan shida. Ganyensu shar, ruwa na tsatsowa daga bakin yankan yana manne masa a yatsu. Ya duba hagu da dama, ya wurga su saman kwanon rumfar da ake ajiye taki. Shekara talatin a ofis sun koya masa cewa abin da ba a gani a kan tebur ba, ba a kafa masa kwamiti. Awaki ma suna yawo a wurin, kuma akuya ba ta musu. Ya saka wuƙar a aljihun mota ya kulle.

Abincin rana ya daɗe. Yaya ya zo hannunsa duk baƙin mai, cikin fara'a, abin da bai saba ba. Ya tsokani tumbin Darakta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara masa nama. Darakta yana taunawa, kwanon rumfar yana ƙyalli ta taga, rana ta take a kansa. Sau biyu ya ajiye cokali zai yi magana, sau biyu ya sha ruwa. Bayan an ci aka kishingiɗa, Inna ta yi gyangyaɗi. Sai da inuwa ta karkata Yaya ya miƙe ya ce ya zo ya nuna masa wani abu.

A bakin rijiya Yaya ya tsaya. Ya durƙusa gaban na farko, ya shafa kan kututturen da babban yatsa, ya matsa na biyu. Darakta ya ji kansa yana cewa wataƙila awaki ne.

"Akuyar nan ta iya wasa wuƙa," in ji Yaya, bai ɗago ba. "Ina rassan?"

Darakta ya fara bayani a kan leda da illarta ga ƙasa.

"Ƙanena, ban tambaye ka dalili ba. Ina rassan? In suna nan ɗanye, yanzu zan mayar da su. Ko rabi a samu."

Sai a lokacin Darakta ya san ana iya mayarwa. Ya nuna saman rumfar.

Yaya ya jingina tsani ya hau da kansa, da shekarunsa sittin da biyar, ya sauko da su a gefen riga. Ganyen ya nannaɗe ya yi baƙi-baƙi. Ya kankare bawon ɗaya da farce, ya duba, ya kankare na biyu, har shidan. Ya tambaya ƙarfe nawa aka yanke su. Darakta ya ce wajen goma.

"Ƙarfe goma ina nan gangare. Kana jin gudumata."

"Ina ji, Yaya."

"Yankan ba komai ba ne. Ni ma na yi ɓarna da ina koyo, Baba ya ci mutuncina, aka wuce wurin. Amma kai ka zauna ka ci abinci da ni, su suna gasuwa a kan kwano."

Ya zube rassan a gindin rijiya. Ya shiga rumfar ya fito da waya mai raga da turaku huɗu, ya fara kewaye na bakwai. Darakta ya miƙa hannu zai riƙe masa turke, Yaya ya ce ya bari, ya iya.

Yana buga na ƙarshe ya ce, "Inna ta gaya mini abin da ya kawo ka. Rabonka na gonar nan yana nan, ba mai ci maka. In an girbe zan riƙa aiko maka. Lambun dai ka bar mini."

Daga baranda Inna ta ɗaga murya tana tambayar Darakta ko ya ga 'ya'yan mangwaron, ko sun yi kyau.

"Je ka ba ta amsa," in ji Yaya, ya ci gaba da ɗaure wayar.