Hoton Hanyar Bukkuyum

"Ba ni wayar in gani, Baba Halilu."

Fatiha ce, 'yar maƙwabcina Malam Namadi, tsaye a ƙofar shagona da kayan makaranta a jikinta. Na yi sauri na kife wayar a kan keken ɗinki, amma na makara. A hanyarta ta dawowa ta ji ana cewa wani hoto yana yawo, an yi hatsari a hanyar Bukkuyum, wai wani malamin makaranta ne daga nan Gummi. Babanta kuwa can ya nufa yau. Kuma duk unguwa an san idan hoto ya shigo gari, a wayata yake fara sauka.

Wannan suna ni na jawo wa kaina. Bara da damina na tura wa mutum arba'in hoton rumbuna suna ci da wuta, an rubuta a ƙasa wai Gwashi ce jiya. Kafin la'asar gwaggota, wadda 'ya'yanta biyu ke aure can, ta yanke jiki ta faɗi, sai da aka yayyafa mata ruwa. Malam Namadi ya zo ya zauna a kan bencina, ya buɗe hoton da yatsu biyu.

"Halilu, wane wata muke ciki?"

Na ce Agusta.

"To ina ciyawa cikin wanga hoto? Ƙasa ƙayau, ga kara an yanke an tara. Kuma rumbunan ga, hakanan muke ruhe namu?"

Bai yi mani dariya ba, kuma da ya yi, da ya fi mani sauƙi.

Daga nan ne ya fara tara 'yan aji biyar da shida kowace Laraba bayan an tashi, a ƙarƙashin darbejiyar makaranta. Yakan bugo hotuna a takarda ya raba masu, su yi ta dubawa: wa ya ɗauka, yaushe, a ina, kuma me wanda ya turo yake so ka ji a ranka. Yakan ce masu idan hoto ya sa gabansu ya faɗi, to lokacin ne za su janye yatsa su buɗe ido. Yaran nan suka addabe mu. Ko tallan maganin basir aka sa a rediyo, sai ka ji wata ta ce, "To wa ya gwada shi?" Fatiha ta fi su duka. Labari ya kai Bukkuyum, shi ne aka gayyace shi ya nuna wa malaman can yadda yake yi.

Na miƙa mata wayar.

Ta zauna a kan bencin, daidai inda uban yake zama. A hoton akwai jan mashin kwance a gefen kwalta, mutane sun yi cirko-cirko, ga kuma wani an lulluɓe shi da tabarma. Ba a ganin fuska, ba a ganin ƙafa. Gefen riga kawai ya leƙo.

"Na kira shi da wayar ƙawata, ba ta shiga," in ji ta. "Amma hanyar nan dama ba sabis. Wannan ba hujja ba ce."

Ta fara da wanda ya turo. Wani direba ne, shi ma turo masa aka yi. Ta sa hoton a wurin bincike ta ga ko tsoho ne da ya taɓa fitowa wani wuri. Muka zuba wa wayar ido tana ta juyi. Babu. Ta duba ƙasa, jiƙaƙƙiya ce, an kuwa yi ruwa da asuba. Geron da ke bayan mutanen ya kai ƙugu, kamar namu.

"To hoton na yau ne, kuma ƙasarmu ce," ta ce a hankali. "Amma jan mashin kowa na da shi, lambar kuma laka ta ruhe ta."

Ta ƙara buɗe hoton, ta daɗe tana kallo. Sai na ga fuskarta ta washe.

"Baba Halilu, dubi inuwa. Ka ga inuwar mutanen ga? Gajera ce, ƙarƙashin ƙahwahunsu take. Rana ta kai tsaka ke nan. Baba ƙarhe bakwai ya hita, tare munka hito. Da tsakar rana ai shina cikin taro." Ta matso da wayar kusa da idona. "Kuma dubi rigar. Shuɗiyar shadda ce. Baba hwarar riga ya sa, ni na goge mai ita jiya. Ba shi ma da shuɗiya, ni ke wankinai."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata. "Ba shi ba ne. Allah ya jiƙan wanda abin ya samu, amma ba Baba ba ne."

Ta yi komai daidai yadda ya koya mata. Abu ɗaya ne babu shi a hoton, kuma ni kaɗai na san shi.

Sati uku da suka wuce Malam ya kawo mani yadi biyar na shuɗiyar shadda a ɓoye. Ya ce bai taɓa tsayawa gaban malamai 'yan'uwansa ba, yana so ya je da sabuwar riga, kuma kada gida su sani sai ya dawo su gan shi. Na ce sati ɗaya ya yi yawa. Halinmu na teloli, gobe ta zama jibi, jibi ta zama Juma'a. Yau da ƙarfe bakwai, da Fatiha ta karya kwana, ya shigo karɓar riga, ya tarar ko wuya ban yanka ba. Ya ce zai tafi da farar. Ni na riƙe shi. Na rantse masa awa ɗaya ta isa. Ya ce ba komai, ai nasa jawabin sai bayan azahar. Ya zauna yana gyara takardunsa, yana yi mani ba'a, har sha ɗaya ta gota. A nan ya canza, na gyara masa kafaɗa da hannuna. Ya ce, "Ka ga yanzu sai na yi gudu."

Tun kallon farko na gane ɗinkina. Tela ba ya kasa gane bakin rigar da ya kalmasa.

Fatiha ta miƙe. "Bari in je in gaya ma Inna kar ta ji a bakin mutane hankalinta ya tashi."

Wallahi na so in bar ta ta tafi. Ko rabin awa ce ta samu tana da uba, ai wani abu ne. Amma za ta je ta kwantar wa uwarta da hankali da hujja, ta sa ta dariya, sannan mota ta tsaya a ƙofar gida.

"Fatiha," na ce. "Zauna, ɗiyata."

Ba ta zauna ba. Na sunkuya ƙarƙashin keke na ɗauko ragowar ƙyallen, na jawo farar rigar daga inda ya rataye ta a bayan ƙofa, na ajiye su a kan benci.

"Sha ɗaya ta wuce yat tahi. Ni na tsai da shi."

Ta dubi ƙyallen, ta dubi wayar. Ta ɗora shi a gefen hoton, ta daɗe tana gwada launin, har yanzu tana dubawa ko za ta sami inda suka saɓa. Ni kuwa kuka nake yi kamar ƙaramin yaro, ina cewa ta yafe mani.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. Ta ajiye ƙyallen. Can ta ce, "Ka tura ma wani?"

"A'a. Ko mutum guda."

"To ka goge shi. Kar Inna ta gan shi hakanan."

Ta goge fuskar wayar da gefen hijabinta ta miƙo mani. Ta naɗe farar rigar sannu a hankali, ta rungume ta, ta fita. Na bi ta da ido har ta shige zaurensu. Ta bayan katanga ina jin Hure, uwarta, tana daka, tana yi wa awaki faɗa. Taɓaryar ta sauka sau uku ko huɗu, sannan ta tsaya.