Sabulu Ɗari Huɗu da Sittin

Tun daga bakin layi Auta ta hango ƙofar shagon a buɗe, an share gabansa an yayyafa ruwa. Ta san aikin Gwaggo ne, ƙanwar mahaifinsu, wadda ba ta iya jin an ce gobe akwai aiki ba tare da ta riga kowa tashi ba.

Shagon ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa a baya. Shekara biyu ke nan da Auta ta gama karatun haɗa sinadarai, ta gaji da yawon neman aiki, ta kama shi. Matan layin masu soya kifi da dankali a da a kwata suke zubar da man da ya yi baƙi, ya daskare ya toshe hanyar ruwa, damina ta zo ruwa ya shiga gidaje. Sai ta raba musu jarka ɗai-ɗai. Duk wadda ta cika tata ta kawo, a ba ta sabulu. Man kuwa sai an tace shi sau uku a ƙyalle, an wanke shi da ruwan gishiri, sannan a haɗa da soda a zuba a akwatin katako, a yanka da waya, a jera a kanta ya yi mako huɗu yana shan iska.

Yau ce ranar da za su kai sabulu ɗari huɗu wani ɗan otal da ke bayan tasha, ciniki mafi girma da suka taɓa samu. Manajan ya faɗa mata ƙarara cewa ƙarfe sha biyu yake so ya ga kaya, in ba haka ba ya koma wa mai kawo masa na da.

Tana shiga ta tarar da kantoci fayau, kwalaye a jere an ɗaure su da igiya. Gwaggo na zaune a kan jarka, ta naɗe hannuwanta a cikin mayafi, fuskarta cike da jiran yabo.

"'Yar boko, sai yanzu? Ai na gama miki komai. Har da gyara ma, don na ƙirga ɗari huɗu da sittin."

Auta ta tsaya cak. Ta juya ta dubi kantar ƙasa, ta can lungu. Babu komai a kanta.

"Gwaggo, na ƙasan nan fa?"

"Suna ciki. Na gauraya su da sauran, kowane kwali ya samu."

"Takardar da na liƙa a jiki fa?"

"Wace? Wannan mai jan rubutu? Na share ta da shara. Me aka rubuta?"

Abin da Auta ta rubuta shi ne kada a taɓa. Mako huɗu da suka wuce, tana cikin auna soda aka kira ta a waya, ta dawo ta manta ta riga ta zuba, ta ƙara wani awo a kai. Sittin ɗin nan sun fito sumul, launinsu da girmansu ɗaya da sauran, amma soda ta yi musu yawa, duk wanda ya yi wanki da su sai fatar hannunsa ta saɓule. Ta ajiye su ne don ta sake narkawa. Kuma da hannunta ta rubuta gargaɗi ta liƙa, a ɗakin da ta san abokiyar aikinta ba ta karatu.

"Laifina ne," in ji ta a hankali. Ta yi wa Gwaggo bayani. Gwaggo ta ƙara cusa hannuwanta cikin mayafi.

Ana haka Yaya ya iso da 'yar akori-kurarsa, yana kaɗa makulli. Shi ne babban wansu, shi ke musu dakon kaya kyauta yana kuma tuna musu kullum cewa kyauta ne. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya dubi agogo.

"Tara saura kwata. Auta, sittin cikin ɗari huɗu da sittin. Ki cire sittin ko waɗanne ne, mu loda. Wa zai sani?"

"Maman 'Yan Biyu za ta sani."

Yaya ya sosa ƙeya. Maman 'Yan Biyu maƙwabciyarsu ce, gidanta na kallon nasu, ita ce shugabar masu wanki a otal ɗin. Su biyar ne, da hannu suke wanke zannuwan gado tun safe har la'asar. Ita ta kai wa manaja sabulun Auta, ta nuna masa tafin hannunta da ya daina tsagewa, ta ce ga abin da suke so a saya musu.

"To ki gwada su da 'yan takardun nan naki masu canza launi," in ji Yaya.

Auta ta jawo kwalbar takardun ta girgiza. Saura tara.

Gwaggo ta yi gyaran murya. "Ni dai an hana ni, an ce ƙauyanci ne."

Auta ta dube ta. Tun farkon buɗe shagon suke wannan rigimar. Gwaggo ta yi shekara talatin tana sabulu, tun kafin a haifi Auta, kuma gwajinta guda ne: ta ɗan yanki kusurwar sabulu, ta jiƙa yankin, ta ɗora a kan tsinin harshe. In lafiyayye ne ɗanɗanon sabulu kawai za ta ji. In soda ta yi yawa zai ɗana mata kamar ta lashi batir. Auta ta sha cewa ta daina, ga takarda nan an ƙera don haka. A ranta kuwa ta san gwajin ba ya ƙarya.

"Guda nawa harshe ɗaya zai iya kafin ya daina ji?" ta tambaya.

"Arba'in, in an riƙa kurkure baki. Hamsin in mai taurin kai ce."

"Mu uku ne. Ba za mu kai ba."

"Mu uku da wa?" in ji Yaya. "Ni direba ne."

Gwaggo ta miƙe, ta gyara mayafi ba tare da ta fito da hannu ba. "Layin nan harshe ne ya yi masa kaɗan? Ku kwance kwalayen."

Ba a yi minti ashirin ba ta dawo da mata bakwai a bayanta, duk masu kawo mai, waɗanda sana'arsu sai yamma take tashi. Mai Kifi ce a gaba, wadda ba a yin abu a layin ba ta kai shi ƙarshen layi ba. Mai Dankali na biye da ita, da wuƙar firarta a hannu.

Auta ba mai son magana a taro ba ce. A makaranta ma kujerar baya take nema. Amma wannan aikinta ne, ta san shi ciki da waje, don haka ta shiga bayani kai tsaye. Ta shimfiɗa tabarma biyu, ta ajiye bokitin ruwa da lemun tsami a tsakiya, da wani bokitin na tofarwa. Ta nuna musu yadda za a yanki kusurwa ɗaya kaɗan, yankin za a ɗanɗana a jefar, sabulun kansa ba zai kusanci baki ba. Mai kyau a miƙa dama, mai ɗana a jefa a kwandon hagu.

"Tsinin harshe kawai," ta ce. "Kada wadda ta haɗiye. Wadda ta ji bakinta ya mutu ta faɗa, ta huta."

"Ke dai yau harshenki ya sami aikin kirki," Mai Dankali ta ce wa Mai Kifi.

"Aƙalla nawa yana aiki. Ke da kike sa gishiri sau biyu ba ki ji, ina za ki gane soda?"

Aka kwashe da dariya, aka fara. Na farko da ya ɗana a hannun Mai Kifi ya faɗo. Ta zabura har ɗankwalinta ya zame, ta tofar, ta dubi sabulun kamar ya zage ta.

"Wannan za a ba wa Maman 'Yan Biyu ta yi wanki? Kawo na gaba."

Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo, yana sanar da lokaci kamar an sa shi. Da ya faɗa karo na huɗu Gwaggo ta ce, "Babban banza, zauna ka ba da naka harshen, tunda ba ya gajiya." Ya zauna yana gunaguni. Na shidansa ya ɗana masa, idonsa ya kawo ruwa, bai sake maganar a loda haka nan ba.

Auta na yanka, tana ɗanɗanawa, tana kuma sa ido a kan kowa. Duk wadda ta ce ba ta tabbata ba, sai ta karɓi sabulun ta gwada da takarda. Haka taran nan suka ƙare. Gwaggo ita kaɗai ba ta riƙe wuƙa ba, ta ce a riƙa yanka mata ana sa mata a baki, wai idonta ba ya ganin kusurwa. Wajen sha ɗaya surutu ya ragu, don leɓuna sun yi nauyi, magana na fita a karkace. Mai Kifi ta yi ƙoƙarin ba da labarin wani mai gidan haya, aka roƙe ta ta bari sai bakinta ya dawo.

Sha biyu saura kwata aka ajiye na ƙarshe. Auta ta durƙusa gaban kwandon hagu ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa.

"Hamsin da tara."

Ke nan ɗaya ya wuce wani harshe da ya gaji, yana cikin ɗari huɗun can.

"Ɗaya tak," in ji Yaya, amma a sanyaye.

"Ɗayan ma hannun mutum zai faɗa," in ji Auta. "Ku ƙirga min na dama."

Aka ƙirga. Ɗari huɗu cif. Auta ta haɗa lissafin a ranta. In da maras kyau ya ɓuya a ciki, da ɗari huɗu da ɗaya za a samu. Ta ɗaga kai ta dubi ɗakin, tana bin kantoci ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya kai rumfar baya. A gefen famfo ga wani sabulu jiƙaƙƙe a kan tsumman goge kantoci. Ta juyo ta dubi mayafin Gwaggo.

"Gwaggo, nuna min hannunki."

"Me za ki gani a hannun tsohuwa?"

"Don Allah."

Gwaggo ta fito da su. Bayan hannuwan sun yi ja, tsakanin yatsu ya ɗaɗɗaye. Bayan ta gama ƙirga da safe ta zari ɗaya daga kwalin sama ta wanke tsummoki da shi.

"Da na ce ko tsufa ne," ta ce tana kallon ƙasa. "Da kika yi bayani na gane. Kunya ta hana ni faɗa, shekara talatin ina sabulu."

Auta ta ɗebo ruwa mai yawa ta zuba mata, ta sake zubawa, ta ce wa Mai Dankali ta ci gaba har sai zafin ya lafa. Sannan ta ce, "Yaya, loda."

Sha biyu da minti ashirin da biyar suka tsaya a bayan otal. Manajan na tsaye a ƙofar sito, ɗan gajere mai tsabtar riga. Ya nuna mata agogonsa. Ya buɗe kwali ɗaya, ya ɗauki sabulu ya jujjuya, ya ɗauki wani.

"Ɓera kuke kiwo a shagon naku?"

Auta ta riga ta yanke abin da za ta faɗa tun a mota. Ta gaya masa komai, daga awon sodar da ta ninka har zuwa mata bakwai a kan tabarma. Ta ce kowace yankakkiyar kusurwa shaida ce an gwada wannan sabulun shi kaɗai.

"Na makara, ranka ya daɗe, wannan gaskiya ne. Amma babu ɗaya a nan da zai ci hannun ma'aikatanka."

Manajan ya dubi can tsakar gida, inda Maman 'Yan Biyu ta tsaya da kumfa har gwiwar hannu tana kallonsu.

"Da harshe?" ya ce. "Har wani bambanci harshe zai ji?"

Yaya ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan yanki daga na kwandon hagu a takarda. "Na taho da shi tsaraba. Bismillah, yallaɓai. Tsinin harshe kawai."

Manajan ya ɗora. Kafaɗunsa suka yi sama, ya juya ya tofar, ya daɗe yana goge baki da hankici. Daga tsakar gida aka ji dariyar da ake ƙoƙarin dannewa.

"Ku sauke kayan," ya ce da ƙyar. Ya sa hannu a takarda, ya miƙa wa Auta. "Na wata mai zuwa ma a yanke musu kusurwar. Kuma sha biyu na ce."

"Sha biyu," in ji Auta.

Da suka koma, matan sun watse sun tafi hura wuta, kowacce da sabulu biyu daga na sayarwa da ke ajiye a rumfa, masu kyau. Gwaggo na zaune a rumfa. Auta ta jawo kujera ta zauna gabanta, ta kama hannuwan tana shafa musu mai a hankali.

"Zan sayo takardun gwaji da yawa," ta ce. "Yau dole ce ta sa. Ba zan riƙa tara mutane suna lasar soda ba."

"Sayo abinki. Ni dai nawa yana bakina."

"Kuma na daina liƙa rubutu."

Gwaggo ta nuna lungu da haɓa. Ta riga ta sa an mayar da sittin ɗin kantar ƙasa, an ɗaura jan ƙyalle a ƙafar kantar, ƙulli biyu.

"Wannan ko Yayanki zai iya karantawa," ta ce.

Daga waje Yaya ya amsa, magana na fita a karkace, cewa yana ji.