Minti Biyu na Shiru a Bakin Baraguzai

Da benen maɗinka ya rufta da hantsi, an ciro kowa sai ƙanwar Tela. Tela yana tsaye bakin baraguzai, ƙura har gira, yana kallon manya uku kowa na jan nasa. Shugaban 'yan kwana-kwana ya ce a kashe injuna a saurara. Injiniya ya ce motar haƙa ba ta tsayawa sai da izinin ofis. Ɗan sanda kuwa ya bar jiniyarsa tana ta kururuwa.

Wata nas ta ƙule. Ta fizge usur daga wuyan ɗan sandan, ta danƙa wa shugaban.

"Yallaɓai, daga yanzu bakinka kaɗai muke ji. Kai kuma Injiniya, ofishin naku ne gini ya danne?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Shugaban ya busa usur, aka kashe injuna da jiniya, wuri ya yi tsit.

Daga can ƙarƙashin matakala, Tela ya jiyo almakashi na ƙwanƙwasa ƙarfe, sai wata siririyar murya.

"Yaya, ƙishirwa nake ji."

Tela ya zauna daɓas yana hamdala. Shugaban ya nuna wurin, kowa ya ɗauki shebur.