Cittar Baba a Ɗakin Gwaji

"Malam, a ƙara wa ruwan gwajin nan minti goma, don Allah," in ji Hulda.

"Ko kwana goma kika ba shi, 'yata, ba zai sauya ba," in ji Malam Jamiluddeen, mai kula da ɗakin gwajin makarantarsu a Kafanchan.

Wata uku ta yi tana haɗa ruwan citta da gishirin azurfa, don ta samu ƙwayoyin azurfa ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Da suna da ƙarfin kashe gubar da ke lalata jiki, da ruwan gwajin ya juye daga shunayya zuwa rawaya. Ga shi nan shunayya kamar yadda ta zuba shi, kuma saura mako biyu ta kare aikinta a gaban malamai.

Malam ya ɗauki citta ɗaya daga buhun da Babanta ya ba ta, ya shinshina. "Wannan ai irin shuka ne! An jiƙa shi da toka da maganin ruɓa. Shi ya ɓata miki aiki."

Tun da cuta ta cinye gonarsu ta citta a Kwoi, ɗan irin nan kaɗai ya rage wa Babanta. Ashe irin ne ya ɗebo mata, bai gaya mata ba, ita kuwa ta daka rabinsa a banza.

Ta share hawaye, ta ɗaure bakin buhun. "Malam, ko zan maimaita shekara, gobe zan mayar wa Baba sauran ya shuka."