Jakar Mijin Madam Cordelia

Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Jos ba. Yayyafi ne, ya ɗauke ya dawo, ga sanyin Agusta mai shiga ƙashi. A irin wannan lokaci Usumanu baduku ba ya iya zama wuri ɗaya, don duk fatar da ke rataye a shagonsa na Gada Biyu sai ta fara warin danshi. Ya juya wannan, ya kakkaɓe waccan, ya leƙa waje ya dubi sama, ya dawo.

Yana cikin haka keke ya sauke Madam Cordelia a ƙofar shagon. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, a Rayfield take zaune, kuma sau biyu yana gyara mata takalma. Bayan sun gaisa ta ciro wata baƙar jakar hannu daga leda, irin wadda ma'aikatan zamanin da suke zuba takardu a ciki. Funfuna ta rufe ta fari fat, kamar an barbaɗa mata gari.

"Na mijina ne, marigayi," in ji ta. "Shekara uku wannan jaka yana cikin akwati. Gobe da safe ɗana Chibueze zai tafi Fatakwal, ya samu aiki. Ina so ya tafi da jakar babansa. Za ka iya gamawa yau?"

"Madam, funfuna ce kawai. Sifirit zai kashe ta. Ki dawo da la'asar."

Da ta tafi ya ɗauko kwalbar sifirit, ya tarar saura ɗigo. Abin ba ya daɗewa a shagon: da shi yake sirka rini in ya yi kauri, da shi yake cire gam daga bakin wuƙa, in kuma takalmi ya matse wa mai shi, ya fesa kaɗan a ciki fatar ta saki. Ya tsallaka shagon maƙwabcinsa Cyprian mai sayar da fenti ya sayo sabuwar kwalba.

"Malam Usumanu, kai da ba ka taɓa shan giya ba, duk layin nan kai ka fi kowa sayen wannan abu," in ji Cyprian yana dariya. "Ka yi hankali, wannan sabon yana da ƙarfi."

Usumanu ya ji maganar, amma hankalinsa na kan hadarin da ke sake haɗuwa. A ƙa'idarsa sai ya sirka sifirit da ruwa rabi da rabi, ya gwada a gindin jaka inda ido ba ya kai wa. Ran nan wayarsa ta yi ƙara, wani mai jiran takalma yana ta faɗa, shi kuwa ya maƙale ta da kafaɗa yana ba da haƙuri. Hannunsa ya tuttula sifirit tsagwaronsa a tsumma, ya goga a tsakiyar murfin jakar.

Da ya ɗaga tsumman, ya ga ya yi baƙi ƙirin. A gaban jakar kuma ga wani tabo ja, faɗin tafin hannu.

Ya kashe wayar ba sallama. Ya hura wurin da baki, ya shafa da yatsa, jan yana nan. Ya miƙe, ya je ƙofa, ya dawo ya sake dubawa. Shekara ashirin da shida yana dukanci bai taɓa ɓata kayan mamaci ba. Ya shinshina tsumman, sai ya gane ba rini ba ne ya fita, man goge takalmi ne, wani a kan wani, na shekaru masu yawa. Abin da ke ƙasa jar fatar akuya ce mai laushi, har da wani siririn zane da aka danna da ƙarfe.

Cyprian ya leƙo, ya ga abin da ya faru. "Shafa baƙi a kai mana. Wa zai sani?"

Usumanu ya ɗauko kwalbar baƙin rini, ya buɗe, ya rufe. A wannan danshi rinin ba zai bushe ba kafin la'asar, kuma yaron zai rataya jakar a kan farar rigarsa ranar farko a wurin aiki. Ya ajiye kwalbar. Ya je masallaci ya yi azahar, amma ko a sujada jan tabon yake gani. Da ya dawo ya kira Madam Cordelia, ba ta ɗauka ba. Ya share shagon da ya riga ya share. Ya sake kira. Sai a kira na uku ta amsa, ya gaya mata gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce tana zuwa.

Minti arba'in ɗin da ta yi a hanya a tsaye ya yi su. Duk keken da ya rage gudu sai ya leƙa waje.

Ta shigo da lema a jiƙe, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallon jakar.

"Madam, laifina ne. Gaggawa na yi."

Ta miƙa hannu ta karɓi tsumman, ta ɗiga sifirit kamar yadda ta saba yi a asibiti, ta goga a gefen tabon a hankali. Jan ya ƙara faɗi.

"Ni na saya masa wannan jaka," in ji ta. "A kasuwar Taminus, shekarar da muka yi aure. Ja ne haka. Da ya fara aiki a ma'aikata, abokansa suka yi masa dariya, wai jakar mai maganin gargajiya. Shi ne ya fara shafa baƙi, duk Lahadi bayan coci. Na yi fushi, ban gaya masa ba." Ta cire tabarau ta goge. "Wallahi na manta ja ne."

"To yanzu yaya kike so?"

"Cire duka."

Ya bayyana mata cewa ba aikin yini ɗaya ba ne. Sifirit yana busar da fata, in an gama sai an shafe ta da man kaɗe, a bar ta a inuwa, a sake shafawa. Kwana uku a ƙalla, shi kuwa Chibueze gobe zai tafi.

Ta kira ɗan nata nan take. Usumanu yana jin muryarsa sama-sama, yana cewa ba komai Mama, ai ya riga ya sayi jakar kwamfuta tun makon jiya. Ta ajiye wayar a cinya, ta yi wata gajeriyar dariya.

"Da ma ba ya so. Kunya ya hana shi faɗa."

Usumanu ya jawo mata benci. Ta zauna, ya yaga tsumman biyu ya ba ta rabi. Wannan karon ya sirka sifirit da ruwa a murfin gwangwani. Ita ta kama murfin jakar, shi ya kama baya, suna gogawa suna canza tsumma, warin abin ya cika shagon har Usumanu ya buɗe taga. Zanen ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, layi biyu da suka zagaye jakar da ƙananan taurari a tsakaninsu. Aikin hannu ne mai kyau, irin wanda ya daina gani.

Wajen ƙarfe biyar ta miƙe, yatsunta duk sun yi baƙi.

"Malam, hannun jakar nan ya yi gajere. Za ka iya sa dogon igiya, na rataya a kafaɗa?"

Ya ɗauko tef ya auna daga kafaɗarta zuwa ƙugu, ya rubuta a jikin bango da alli. Bayan ta hau keke ya sauko da jajayen fatun da yake da su, ya baje su a kan tebur, yana ɗaga kowace kusa da jakar yana neman wadda launinsu zai zo ɗaya.